Awudu Mai Kwaɗo da Waƙar Mahaifina

Shekarar da aka kulle Kumasi saboda korona, har kasuwar Kejetia ta yi tsit, ita ce shekarar da Yaya Awudu Mai Kwaɗo ya zama sarkin ma'ajiyarmu. Ku da kuka san shi kun san inda sunan ya fito. Mutumin da ke sa wa butar alwalarsa sarƙa da kwaɗo! Ka yi masa sallama, kafin ya gama amsawa ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Ya yi shekaru yana aiki a ɗakin kwamfuta na jami'a, can kusa da Ayigya Zango. Da ya yi ritaya, sai ya bi gidajen malamai na unguwar Akwatialine yana ɗaukar hoton tsofaffin takardun ajami, shafi bayan shafi, yana zuba su a ma'ajiyar intanet, wadda yara ke ce wa kilawud. Shi kuwa "siton sama" yake kiranta.

Kowane gida ya yanka masa giga biyar, ba ƙari. Wata rana Liman ya cika nasa da bidiyon walimar 'yarsa, ya zo neman ƙari.

"Awudu, giga ɗaya tak."

"Allah gafarta Malam, siton nan na tawada ne, ba na shinkafa ba."

"Ni ne fa limaminka!"

"A masallaci ina bayanka. A nan kana bayana."

Mutane kuma ya kasa su uku: mai kallo, mai sakawa, da mai gogewa. Kowa da kalmar sirrinsa, kuma in ka sa sunan ɗanka ko shekarar haihuwarka, sai ya kore ka ka sake tunani. Matarsa, Hajiya Ramatu, ta nemi ya ɗaga mata matsayi don ta saka hotunan takardun kakanta da kanta. Ya ce, "Ke mai kallo ce." Da azahar ta ajiye kwanon wake da shinkafa a gabanta, ta hau ci. Ya miƙo hannu, ta janye kwanon. "Yau kai ma mai kallo ne." Kafin la'asar ta zama mai sakawa.

Ni kaɗai ya ba matsayin mai gogewa, don ni ke karanta ajamin ina raɗa wa kowace takarda suna. A cikinsu akwai waƙar wa'azi ta mahaifina, baiti ɗari da wani abu, da hannunsa. Bayan an ɗauki hotonta ruwan sama ya faso rufinmu, takardun suka zama kunu. Hoton nan shi ne kaɗai abin da ya rage.

To, ranar nan wayata ta ce ta cika. Na ga jakar hotunan waƙar, na ce ai akwai ta a sama, bari in share ta ƙasa. Ban san cewa ta ƙasa da ta sama abu ɗaya ne ba. Har kwandon shara na bi na zazzage, don an koya mana tsafta.

Na garzaya wurinsa.

"Yaya Awudu, waƙar Baba ta tafi."

Ya ce, "Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Ai na sani. Daga yau kai mai kallo ne, Haruna."

Shekara uku ina mai kallo. Ban yi gardama ba, laifina ne. Sai na ɗauki alƙalami da tawada na fara bin tsofaffin ɗaliban Baba. Wannan ya tuna baiti biyu, waccan tsohuwa a Ayigya ta tuna biyar, tana rera su tana tankaɗen gari. Na hau motocin haya na trotro har na san kowane kwandasta. Na haɗa tamanin da bakwai, na haddace su, na koya wa 'yan makarantarmu. Sauran kuwa na riƙa neman gafarar Baba a kansu duk bayan salla.

Da ciwo ya kwantar da Yaya Awudu, hankalin malamai ya tashi, don shi kaɗai ke riƙe da babban mabuɗin. In ya tafi da shi, takardun gida goma sha wani abu sun kulle ke nan. Liman ya je ya roƙa, ya ce masa, "Ban mutu ba tukuna."

Wata safiya bayan an sha koko ya aiko Hajiya ta kira ni. Ya ciro 'yar takarda daga naɗin hularsa, kalmar sirrin ce, da ajami.

"Ɓarawon intanet bai yi makarantar allo ba," in ji shi. "Shiga. Lambar tabbatarwa da za a turo, wayarka za ta zo, na riga na juya ta gare ka."

Na shiga. Can ƙasa na ga jaka an rubuta mata "Na Haruna". Na buɗe. Hannun Baba ne, shafi na farko har na ƙarshe.

"Yaya! Shekara uku?"

"Kai, mai sa wa buta kwaɗo zai ajiye abu kwafi ɗaya?" Ya yi tari, ya yi dariya. "Da farko so na yi ka ji tsoron yatsanka, mako ɗaya kawai. Sai na ji yara suna rera ta a lungu. Lokacin da take sito, wa ke rera ta? Sai na yi shiru." Ya kama hannuna. "Amma na ga kukanka, na riƙe maka abinka. Ka yafe mini."

Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Na zauna na karanta masa baitocin da suka ɓace mini, yana lumshe ido. Kwana tara bayan haka ya rasu.

Yanzu mu uku, ni da wasu malamai biyu, ke riƙe da mabuɗin, kuma Liman har yau giga biyar gare shi. Allah Ya jiƙan Yaya Awudu, Ya yalwata masa kabarinsa ba da awo ba, Ya buɗe masa ƙofar rahama ba tare da an tambaye shi wa ya aiko shi ba. Amin.