Giyar Dodon Koɗi

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a Faransa waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani, amma ranar da kawuna ya same ni riƙe da kwalbar giya a Lyon, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina karatun injiniya a Villeurbanne da ke gefen Lyon, ina haya a wani ɗan ɗaki na saman gidan wani tsohon Bature da matarsa ta rasu. Baba nake ce masa, shi kuwa bai taɓa tambayar ma'anar kalmar ba, yana dai amsawa. Mu biyu ne a gidan. Faransancina a lokacin na aji ne kawai, ba ya kai ni ga yin aboki, don haka sai in yi mako ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. Wani lokaci ina wanke kwano in ji ina yi wa kaina magana da ƙarfi, don dai in ji harshen a kunnena. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Abin da ke riƙe da ni shi ne Kawu Alhaji, yayan mahaifiyata, mutumin Maraɗi, mai shagon shadda da atamfa a unguwar Goutte d'Or cikin Paris. Duk hutu can nake zuwa. In ci tuwon matarsa Hajiya, in zauna a shago ana shan shayi ana musu, a yi mini tsiyar cewa mu 'yan Nijeriya Hausarmu duk Turanci ce. A duk ƙasar nan, ƙofar da zan tura ba sai na ƙwanƙwasa ba ita kaɗai ce.

Baba yana da ɗan lambu a bayan gida, latas da tumatir. Wata rana ya ce in taya shi sauko da wani abu daga ɗakin ajiya, sai ga akwatunan giya jere, ƙura ta rufe su. Na duba kwalba ɗaya, na ga wa'adinta ya wuce da shekaru. Kafin in yi magana ya ɓalle murfin ya kurɓa. Ni dai abin da na sani, duk abin da wa'adinsa ya wuce guba ne, har na fara tunanin yadda zan kira motar asibiti da wannan gurgun Faransancin nawa. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce tsohuwar giya ba ta kisa, muddin kwalbar a rufe take. Kumfarta ce ke mutuwa, ɗanɗanonta ya koma kamar ka tauna jiƙaƙƙen kwali. Ya yamutsa fuska ya tofar.

Ashe ba don sha ya sauko da ita ba. Da ita yake goge tukwanen tagulla na matarsa har su yi ƙyalli, yakan jiƙa kusoshi masu tsatsa a ciki, amma babban aikinta a lambu yake. Akwai wasu irin dodon koɗi marasa ƙoƙo a baya da ke cinye masa latas. Sai a binne ƙananan kofuna a ƙasa a zuba giyar, warin ya jawo su, su faɗa ciki su mutu. Gwiwoyin Baba ba sa durƙuso, don haka aikin ya dawo kaina. Na ɗan yi jinkiri da farko, sannan na ce wa raina ai ba sha zan yi ba, kashe ƙwari zan yi. Kuma gaskiya, wannan lambun ne kaɗai wurin da wani ke jiran fitowata.

To, wata Asabar da la'asar ina durƙushe da buɗaɗɗiyar kwalba a hannu, wasu wofi biyu a gefena, sai na ji sallama da Hausa a bayana. Kawu ne. Ya zo Lyon wajen wani mai kawo masa kaya, ya ce bari ya biyo ya ba ni mamaki, har da kilishi a leda. Baba ne ya buɗe masa ƙofa ya nuna masa lambu.

Innalillahi! Idonsa ya sauka kan kwalbar, ya koma kan fuskata. Hannuna duk wari. Na durƙusa sosai zan gaishe shi, bai amsa ba.

"Wanga shi ne karatun?" ya ce. "Wanga ƙanwata ta saida gonarta dominsa?"

A nan ne tarbiyya ta kayar da ni. A gidanmu idan babba na faɗa ba a ɗaga kai, ba a cewa uffan, sai ya huce. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Shi kuma shirun nan ya ɗauke shi amsa laifi. Ya ajiye kilishin a ƙasa, ya ce kada in sake taka gidansa, kuma idan ya je gida da Salla zai gaya wa mahaifiyata da bakinsa. Ya juya ya fita.

Na yi ta kiran wayarsa, ba ya ɗauka. Na kira Hajiya, ta ce da murya ƙasa-ƙasa in yi haƙuri, Alhaji ya hana. Makonnin nan ban san me aka koyar a aji ba. Tunanina ɗaya ne, fuskar mahaifiyata idan ta ji. Kuma ina jin haushi, haushin Kawu da bai tambaya ba, haushin dodon koɗi, haushin tsohon da ya tara giya kamar mai shirin buɗe mashaya. Na daina sauka lambu.

Baba ya hawo har ɗakina, yana nishi a kan matakala, ya ce me ya faru. Na faɗa masa. Ya ce to me ya sa ban yi bayani ba tun a ranar? Na ce a wurinmu ba a mayar wa babba magana. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To ni ai na girme shi. Ranar Asabar za mu je Paris."

Haka kuwa aka yi. Ya sa kwat ɗinsa na fita, ya ciko jaka da latas, ya kuma kawo wata tsohuwar kwalbar zuma cike da gawar dodon koɗi. Na ce Baba, wannan fa? Ya ce shaidu ne.

Da muka shiga shagon, cike yake da 'yan Nijar. Kawu ya ga furfura, dole ya miƙe, ya ba da kujera, ya sa a kawo shayi, ni kuwa ko kallona bai yi ba. Baba ya ɗora kwalbar nan kan tebur, tsakanin shadda da shadda, ya shiga bayani dalla-dalla, yadda ake binne kofi, yadda wari ke jawo su, da yadda yaron nan ya kusa suma ranar da ya ga ya kurɓi tsohuwar giya. Kawu ya ɗaga kwalbar ya juya ta a haske.

"Tau, su ma buguwa suke kafin su mutu?" ya tambaya.

Aka fashe da dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini a gaban mutane, na kasa tsayar da su. Kawu ya juyo kaina da faɗa, mi ya hana ni buɗe baki tun ranar? Na ce, "Kawu, ku kuka koya mana." Ya shafa gemu. Can ya ce duk da haka ba a ɗaukar giya da hannu, ko ta ƙwari ce. Daga yau tsoho ya zuba, ni in kwashe gawa. Sannan ya kira Hajiya ya ce ta ƙara tuwo, ɗanta ya zo da baƙo.

A jirgin komawa Lyon ina ta surutu kamar yaro, sai na lura Baba ya jingina da taga yana kallon waje. Don in ja shi da hira na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, me ya sa mutum ɗaya ya sayi giya mai yawa haka. Ya ce ɗansa ya saya wa. Bayan rasuwar matarsa ɗan ya yi alkawarin zai zo da iyalinsa da abokansa su yi hutun bazara a lambu, shi kuma ya yi shiri. Bazarar ta wuce, wata ma ta wuce. Na ce ina ɗan yake? Ya ce a Paris, ɗazu mun bi ta ƙarƙashin unguwarsu a jirgin ƙasa.

Na ce, "Baba, ai da mun biya!"

Ya girgiza kai. "Ba mu yi faɗa ba," ya ce. "Da ma faɗa muka yi, da na san abin da zan je in gyara. Kai kawunka har fushi yake yi da kai."

Ni da na yi makonni ina ganin babu wanda ya kai ni zama shi kaɗai a ƙasar nan, ashe wanda ya fi ni kaɗaici a ƙasan ɗakina yake kwana.

Yau ina da 'ya'ya, kuma na koya musu cewa ladabi ba ya hana faɗin gaskiya, a faɗa da tausasa murya amma a faɗa. Babban abin da na ɗauka kuwa shi ne, duk wanda ke da mai yi masa faɗa ya gode wa Allah, domin akwai waɗanda babu mai ko jin haushinsu.