Butar da Ke da Jan Ƙyalle

Ruwan yana shiga bakina na san ba ruwa ba ne. Ɗaci, da wani wari kamar kananzir da tafarnuwa. Na tofar, amma warin ya riga ya kai ni wurin Kaka.

Kakana na wajen uwa manomin karas ne a bakin dam, a Dapaong. Da rani nakan bi shi lambu, in zauna a kan kunya mai sanyi ina kallo. Abokin gabarsa wani ƙwaro ne mai dogon baki, wanda ke yin ƙwai a wuyan karas. Ka tuge shi ja wur, ka karya, sai ka ga tsutsa ta yi hanya baƙa a ciki. Kaka ya ce feshi a ganye wasa ne, sai an zuba maganin a gindi. Da tsohuwar butar alwala yake zubawa, ya ɗaura mata jan ƙyalle a hannu don kada a rikita ta da ta salla.

Kowace shekara ƙwarin suna ƙara taurin kai, shi kuma yana ƙara ƙarfin haɗin. Da hannu yake damawa. Ina tuna yatsunsa suna rawa har ya kasa riƙe carbi. Ranar da aka ɗauko shi daga lambu, yawu na zuba, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura. Bai sake komawa ba.

To, bana da aka rufe lise, wato makarantarmu ta sakandare, na bar Sokodé na je Dapaong hutu. Kawu ne ya gaji lambun, har da butar. Rana ta cinye ƙyallen, ya faɗi, ba wanda ya sake ɗaura wani. La'asar ta yi, na ɗauki butar da ke kusa, na kurkure baki.

"Kin haɗiye?" Kawu ya riƙe kafaɗata yana jijjigawa. "Ɗiyata, kin haɗiye?"

Wallahi ban sani ba. Har yau ban sani ba, kuma har yau sai na sansana buta kafin in yi alwala, ko a gidanmu.

A kan babur zuwa asibiti ina ta kallon yatsuna, ina jiran su fara rawa. Suka wanke min baki, suka kwantar da ni. Wata nas mai ƙiba tana zuwa tana haska idona, ta tafi, ta dawo. Ni kuwa Kaka nake gani tsaye a ƙofa, da laka a ƙafarsa.

Dab da magariba ta kashe tocilar ta ce, "Tashi, 'yan mata. Idonki lafiya lau, ba abin da ya shiga."

Kawu ya yi dariya yana share hawaye da hula. "Ai na faɗa. Maganin da ko tsutsa ya kasa kashewa!"

Ban yi dariya ba. Kaka dai bai gagare shi ba.