Matar da ke Rufe Littafi a Tsakiya

Ƙarfe bakwai na safe take tura ƙofar bayan maɗaba'a, ta rataye jakarta a ƙusa, ta zauna gaban tulin takardu da allura da zare da gwangwanin gam. Aikinta ɗinke littattafai. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma babu littafi ko ɗaya da ya fito da sunanta a bango. Wanda inji ya yanke a karkace, ko tawada ta ɓata shi, mai wurin kan ce a zubar, ita kuwa ta ce a bar mata. Sai ta gyara abinta ta jefa a jaka.

Da yamma yaran layi kan cika barandar gidanta, tana karanta musu da ƙarfi. Amma Inna, kamar yadda ake ce mata, tana da wani hali. Daidai inda labari ya ɗauki zafi, yara sun saki baki, sai ta rufe littafin ta miƙa wa ɗaya daga ciki.

"Kai wa mutanen gidanku su ƙarasa maka. Gobe ka zo ka ba mu labari."

Shi ya sa suke kiranta Inna Ƙarasa-a-gida.

Wata rana littafin ya faɗa hannun 'yar wani direban babbar mota, yarinya mai shekara shida da ba a cika jin muryarta ba. Ta kai wa babanta. Shi kuwa tun aji uku ya rabu da makaranta, kuma ba ya son 'yarsa ta gane. Ran farko ya ce ya gaji. Ran na biyu kansa ke ciwo. Ran na uku ya ce ya manta tabarau a mota, mutumin da ba a taɓa ganinsa da tabarau ba. Ran na huɗu yarinyar ba ta tambaye shi ba, ta tura littafin ƙarƙashin matashi ta juya masa baya. Wannan shirun ne ya kai shi wurin Inna.

"Inna, kin haɗa ni da aiki. Ni fa karatuna sai na tura shi kamar motar da batir ya mutu."

"To ka tura mana. Allon hanya wa ke karanta maka?"

"Wannan ai kalma biyu ce."

"Littafin ma kalma biyu-biyu ne, jera su aka yi. Ɗana, yarinyar nan ba maki za ta ba ka ba. So take ta jingina da kai ta ji muryarka."

Maƙwabta sun shaida abin da ya biyo baya, don ta taga ake jin sa. Shafi ɗaya ya ci masa rabin awa, yana bin layi da yatsa. In ya yi tuntuɓe, 'yar ta ce, "Baba, sake." Cikin wata uku yarinyar da ba ta magana ta ishi kowa da tambaya, tana kawo kalmomin da ko uwarta sai ta waiwayo. Malamarta ta aiko a tambaya ko wani darasi ake kai ta. Direban kuwa ya daina tsayawa hira a gareji in ya sauke kaya.

Inna, ke ce kika gane abin da mu manya muka kasa ganewa. Da kin ga dama da kin karance musu komai, a yabe ki ke kaɗai. Sai kika riƙa mayar da rabin labari gidajenmu, don yaro ya san muryar ubansa ba ta faɗa da aike kaɗai ba ce. Mai allura, kin ɗinke abin da ya fi takarda.

Makon jiya ta ajiye aiki, ido ya yi rauni, zare ba ya shiga allura. Da yamma yara suka taru kamar kullum, ta buɗe littafi ta kai shi kusa da fuska, ta nisanta shi, ta kasa ganin rubutun. Direban ne ya karɓa, ya zauna a bakin baranda ya karanta mata, 'yarsa da yanzu ke babbar makaranta tana tsaye tana murmushi.

Mun gode, Inna. Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma iyaye, ko shafi ɗaya ne ku zauna ku karanta wa yaranku, ko da gargada. Ba gwaninta suke nema ba.

Shi dai direban, da labari ya zo daidai wurin daɗi, sai ya rufe littafin ya sa a aljihu.

"Haba ɗana, ƙarasa mana," in ji Inna.

"Sai gobe, Inna. Kin ga ke nan dole mu dawo."