Faifan Haruna da na ƙona

Bana shekara goma sha shida ke nan da muka kai Haruna maƙabartar Baƙi'a, nan Madina. Ban yi karatu mai nisa ba, walda nake yi a Aziziyya, don haka zan faɗi abin yadda yake.

Mu huɗu ne, duk 'ya'yan Takari. Haruna ya tara mu a kan wani kiɗa da ake kira tirash metal, mai gudu da hargowa kamar ana yankan ƙarfe. Shi ke riƙe da jita, shi ke waƙa, ni ke ganga. Wata istiraha, gidan shaƙatawa na haya, muke kamawa a bayan unguwar Aƙiƙ, mu jingina katifu a bango don kar maƙwabta su ji. Da Hausa yake ihunsa, a kan iƙama, takardar zaman ƙasa, da kafili, ubangidan da ke riƙe da ita, da yaron da aka haifa a nan amma ake tambayarsa yaushe zai koma gida. Shekara biyar muna yi, ba mu taɓa hawa dandamali ba. Faifai ɗaya muka naɗa, kwafi ashirin.

Da ya rasu a haɗarin mota, ni na je wurin Hajiyarsa na ce, "Umma, kiɗan nan zai riƙa bin sa kabari." Ta yi kuka ta ce in yi abin da ya dace. Na bi gida-gida na karɓo duka ashirin, na sa musu wutar walda.

Ba don Haruna na yi ba. Aure nake nema lokacin, kuma hotona yana bayan faifan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau na faɗa.

Yanzu a Jidda samari na yin irin wannan kiɗa a fili, ana tafa musu. Da Haruna yana nan ban san ko zai yi dariya ba, ko zai ce ba su iya ba. Na fi zaton na biyun.

Ya bar matarsa da ciki. Juma'ar da ta wuce 'yar, Maryam, ta ce mini, "Ya ammi," wato baffa, "an ce kana da sautin Baba. Ban taɓa jin muryarsa ba."

Na gaya mata gaskiya, har da dalilin. Sai ta ce, "To yaya muryar take?"

Na buɗe baki, na tarar ni ma ta ɓace mini. Abin da ya rage na Haruna yarinyar nan ce, da tambayarta da ba ni da amsarta. Allah Ya jiƙansa. Ni kuma Ya yafe mini.