Kwandon Shamuwa a Tsamiyar Yaya Umaru

Bazarar nan ita ce ta tara tun da Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Umaru, wanda 'yan unguwarmu a Tambuwal ke tsokana da sunan Sarkin Tsuntsaye. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni dai bana ban huta ba. Na zauna rubuta wannan waiwaye, amma sai tashi nake ina leƙa sama kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta.

Malamin firamare ne, amma rabin zuciyarsa tana tafkin da ke bayan gidanmu. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya rataya tsohon madubinsa na hangen nesa ya nufi bakin ruwa. Lokacin sanyi yakan nuna mini wasu ƙananan agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, ya ce baƙi ne, hamada suka ƙetaro. Kirinjijiya da zalɓe kuwa 'yan gida yake ce musu. Ni a lokacin ina aikin lafiya a Kebbe, sai ƙarshen mako nake zuwa a babur duk jikina ya yi tsami, shi kuma ya ja ni kallon abin da yara ke harbi da danƙo. Na sha yi masa tsiya a kan haka, bai taɓa jin haushi ba.

Amma shamuwa matsayinta daban ne a wurinsa. Ita ce ke isowa gab da damina, har manoman Jabo in sun shigo kasuwa sukan biyo ta ƙofar gidanmu su tambaye shi ko ta sauka, don su koma su shirya iri. Kowace bazara sai ya bi matan gida yana roƙon tsofaffin kwanduna, ya hau tsamiyar da ke tsakar gidanmu ya ɗaura su a rassa, don tsuntsayen su samu inda za su ɗora sheƙa. In aka yi masa dariya sai ya ce, “Baƙo na tahe, ba ka yi mai shimhiɗa?” Kuma a wajenmu kowa ya sani, itacen da shamuwa ta yi sheƙa a kai ba a sa masa gatari. Ko ka kira mai saran, zai ɗaga kai ya duba, ya yi maka sallama.

Tun da ya rasu ba wanda ya sake hawa tsamiyar. Ni gwiwata ba ta ko yarda da tsani. Shamuwa ta ci gaba da zuwa a tsofaffin sheƙuna har iska ta watsar da su, tsuntsayen suka ragu, bara ko ɗaya ba ta sauka ba. Tafkin ma ya tsuke. An cike gefensa da jar ƙasa an jera shaguna, masu wankin babur sun kama ɗaya gefen, leda ta kama sauran. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya gani. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ni ne mai faɗan. Shi sai ya nemi ɗan wurin da ya rage ya tsuguna, ya ƙirga abin da ya zo, ya gode wa Allah.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar Nasiru, babban ɗansa. Ya isa aure, yana son gina ɗaki, kuma babu fili a gidan sai gindin tsamiyar. Ya same ni cikin ladabi ya ce, “Baffa, wagga tsamiya ita ta tare muna wuri. Shamuwa ta bar zuwa, mi muka jira?” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Muka tsaya a kan cewa idan ruwan farko ya sauka ba sheƙa a kai, ya sare. Idan kuwa ta sauka, ya haƙura ya gyara ɗan ɗakin da ke jikin zaure.

Tun daga ranar idona ke sama. Duk inuwar da ta gifta sai na ɗaga kai, in tarar balbela ce ko shirwa. Jikan manoma ne ni, tun ina yaro roƙon ruwa na iya, amma rannan da hadari ya taso daga gabas sai na ji gabana ya faɗi. Na yi istigfari. Wane irin mutum ne zai so damina ta jinkirta saboda itace? To, ni ne, ba zan ɓoye ba. A gindin tsamiyar nan kaɗai nake jin kamar Yaya bai yi nisa ba.

Shekaranjiya da safe na ji ƙarar rassa, na fito da sauri har takalmina ya fita. Nasiru ne a sama. Na ɗaga murya, “Kai! Ruwa ya sauka ne?”

Ya gama abin da yake yi, ya leƙo ƙasa. Sannan na lura ba gatari a hannunsa. Tsohon kwandon mahaifiyarsa ne da igiyar kaba.

“Baffa, ni dai ɗaki nika so,” in ji shi. “Amma ba ni sare ta alhali ba a yi musu shimhiɗa ba. In sunka ƙi, su sunka ƙi.”

Ba wanda ya nuna masa reshe, amma a wanda ke fuskantar tafki ya ɗaura, inda ubansa ke fara ɗaurawa. Madubin Yaya ya fashe tuntuni, tafkinsa na ƙarewa, tsamiyar ma ban san ko za ta ga kaka ba. Abin da na tabbatar ya bari shi ne ɗa wanda ya hau itace ya yi abin da zai iya hana shi ɗakin aurensa.

Har yau kwandon wayam yake, hadari kuma na ƙara haɗuwa kullum la'asar. Sai dai yanzu mu biyu ne ke tsayawa a tsakar gida muna kallon sama, kuma ban tambaye shi wanne yake fatan ya riga isowa ba.