Lambobin Malam Kalilu

Duk wanda ya zauna ajin Malam Kalilu, malamin kimiyya a wata sakandare a Isa, ya san labarin ƙwayoyinsa. Wasu 'yan duwatsu ne masu sheƙi kamar gishiri, da ya fitar daga ruwan saiwar sabara yana ɗalibi a jami'a. Malaminsa ya tafi da ƙwaya ɗaya Ingila, aka haska ta da na'ura, ya dawo masa da zanen yadda ta ginu, da tulin takardun lambobi mai kaurin bulo.

To, Kalilu ɗan manomi ne, in an sussuka gero ya san abin ɗauka da abin bari. Zanen ne hatsi a wurinsa, ya adana shi a jaka. Lambobin kuwa ƙaiƙayi, ya bar su ƙauyensu Turba cikin kwando a ɗakin uwarsa Larai, har da ce mata ba su da amfani.

Sai farin 1984 ya sauka. Gero ya ƙone bai kai gwiwa ba, dabbobi suka koma cin tsumma. A shekarar ya aika rubutunsa ga wata mujallar kimiyya. Bayan wata biyar amsa ta iso: aiki ya yi kyau, amma ba sa buga zane sai da cikakkun lambobin da aka auna, don wasu masana su bi sawu su tabbatar. Ko abinci bai tsaya ci ba, ya hau keke sai Turba.

Kwandon wayam.

"Ba kai kac ce ba su da amfani ba?" in ji Larai. "Akuyar ga da tar rage, su nika jiƙa mata da kanwa. Da nononta ƙannenka ka kwana."

Ya zauna bakin rumbu. Malaminsa ya riga ya rasu, sauran ƙwayoyin zafi ya mai da su gari. Wasiƙa uku ya tura Ingila, ba wadda aka amsa.

Bai taɓa ganin laifin tsohuwa ba, amma kewar aikin nan ba ta sake shi ba har furfura. Shekara talatin yana zana ƙwayar a allo da ka, layi bai taɓa kuskure masa ba. Wata rana wata ɗaliba, Ruƙayyatu, ta tambaye shi a wane littafi za ta same ta.

Ya ajiye allin, ya amsa mata.

"Babu shi, ɗiyata. Kwafe ta da kyau, yanzu za ni goge allon."