Yalwa Mai Nono da Gorar da Na Yi wa Ƙarya

Da an sallame asuba Yalwa take kwance maraƙi. A bayan garin Gummi take zaune, can gefen fadama, inda wani bawan Allah ya ba ta aron fili ta kafa bukka biyu da turke. Sai ta saki maraƙin ya je ya zunguri uwarsa, ya tsotsa har nono ya sauko, sannan ta janye shi ta ɗaure a gaban saniyar yadda za ta riƙa lasarsa. Ta tsuguna, ta matse ƙwarya tsakanin gwiwoyi, ta yi tatsa. Ba ta taɓa tatse hantsa ƙarƙaf ba. In ta ga ta kusa sai ta miƙe, ta ce sauran na mai shi ne. Daga nan ta kaɗa na jiya da ya kwana, ta tsame mai, ta rufe ƙwarya da faifai, ta aza bisa gammo. Kafin rana ta yi zafi ta shigo unguwarmu, ƙwarya a ka, 'yar gora rataye a kafaɗa.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan zuwa. Bana gwiwa ta ce ta gaji, likita ma ya ce a sauke ƙwarya. Shi ya sa ni Husaina mai fura, da ajina uku na yaƙi da jahilci, na ɗauki biro. Waɗanda suka san ni za su ce yau kuma naman wa za a ci. Ba kowa. Yau nawa za a ci.

Da can daga rugarsu ta hanyar Zugu take zuwa mana, wata rana a ƙafa, wata rana a bayan babur. Shanun mijinta, marigayi Lirwanu, in sun sauko shan ruwa sai mai wucewa ya tsaya ya jira su ƙare. A lokacin ƙwaryar Yalwa guda tana komawa gida da tiya huɗu ta gero, har da canjin gishiri da manja. Gidana ne zangonta na farko, saboda ni ce mai ɗanɗano.

"Adda Husaina, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Fillo. Kawo in ɗanɗana, in ji ko yau kin ji tsoron Allah."

Sai ta cika ludayi ta miƙo. In shanye, in lashe baki, in ce da ɗan tsami, ƙaro in tabbatar.

"Ɗanɗanonki, Adda, ya hi cinikin gida ukku," in ji ta, tana dariya tana ƙarowa.

Ludayin nan kuwa guda ne tun da na san ta. Ya tsage an ɗinke, bakinsa ya side don tsufa, amma ba ta canza shi da ƙarami ba, ko a shekarun da kowace mai nono ta je ta samo ɗan tsito. Yalwa ta Lirwanu, mai ludayi ɗaya.

Shekara biyar da suka wuce 'yan bindiga suka shiga rugarsu da rana tsaka, suka kore garke. Shanu uku suka tsira, don suna can cikin kwari. Lirwanu bai ƙara shekara ba. Yalwa ta jawo ukun nan ta dawo bayan gari. Cikinsu akwai wata ja mai farin goshi, Wule, jikar jikar 'yar maraƙar da ubanta, wanda take kira Baffa, ya ba ta ranar sunanta. Wannan ba ta miji ba ce, ba ta gado ba ce, tata ce.

To, sai nono ya faɗi. Duk wanda aka koro daga daji ya taru a bakin gari, da damina ƙwarya ta fi masu saye yawa. Ga kuma na bokiti ya fito: a jiƙa madarar buhu, a zuba garin 'ya'yan kuka ya yi kauri da tsami, a bar shi ya kwana, da safe a cika maka kwano da kuɗin da bai kai na ludayi biyu ba. Wa zai tsaya tambayar wace saniya ta kawo shi? Daji kuma ba ya shiguwa, balle a yi kiwo kyauta. Dusa saye, harawa saye, har karan dawa da muke ƙonawa a da ya zama abin ciniki. Ƙwaryar da take kawo tiya huɗu ta koma ba ta cika tiya ɗaya, a cikin ɗayar nan kuma za a ci da mutum da saniya. Ta sayar da saniya guda. Bayan shekara ta sayar da ta biyu. Saura Wule.

Ni ce mace ta farko a unguwarmu da ta koma dama fura da na bokiti. Amma ban daina ɗanɗano ba.

Abin da ya tsone mini ido shi ne gorar nan. Tun da ta dawo bayan gari take rataye da ita, bakin a toshe da totuwa, ba ta taɓa buɗewa a gabanmu ba. Na tambaya, ta ce, "Kaya na, Adda." Na sake tambaya wata rana, ta ce rana ta yi, za ta wuce. Ni kuwa a rufe mini abu, ya fi mini ciwon haƙori. Rannan a gidan suna, mata sun cika tsakar gida, Fatiha maƙwabciyata ta ce nonon Yalwa ya yi tsada. Sai na ji bakina ya ce, "Tsadar mi? Ba ku ganin gorar ruwan da taka yawo da ita? Tana hita wanga gida ta tuttula, ta shiga wancan."

Wallahi ban gani ba. Abin da ya fi muni, na san ƙarya ce. Mu masu fura muna da gwajinmu: ka ɗiga nono bisa farcen babban yatsa, in ya tsaya cur ba ruwa, in ya gangara an yi masa wanka. Sau nawa na ɗiga na Yalwa? Tsayawa yake kamar ƙwayar gero. Amma aka yi dariya a gidan suna, ni kuma ina son a yi dariya in na yi magana.

Kafin sati maganar ta kai bakin kasuwa. Mata suka riƙa taya ƙwaryarta da kuɗin na bokiti, wai ai duk ruwa ne. Wasu suka ce ta buɗe gorar su gani. Sai ta yi murmushi ta aza kayanta ta fita. Sau da yawa na gan ta da azahar tana komawa da rabin ƙwarya. Kashegari kuma ta yi sallama a ƙofata, ta cika ludayi, ta miƙo. Ni kuma in karɓa.

Hawan jini ne ya tona ni. Wata safiya jiri ya kwashe ni, aka kai ni ƙaramin asibitin da ke bayan tasha, wajen Sista Agnes, mutuniyar Filato ce da ta daɗe cikinmu har Hausarta ta fi ta wasu. Ta kwantar da ni a ɗakin baya. Ta taga sai ga Yalwa ta zagayo ta ƙofar da ake zubar da shara. Ta sauke gora, ta zare totuwa, ta juye a tukunya. Madara ce fara sol, tatsar safiyar nan, ko ɗiga ba a taɓa ba. Ta ɗauraye gorarta ta tafi, ba ta ko zauna ba.

Sista ta tafasa, ta bar ta ta huce, ta zuba a kofuna. A baranda akwai mata 'yan gudun hijira daga ƙauyukan Zugu, da yaran da aka yaye ba shiri, wuya kamar zare. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Sista, nawa taka sai da maki gorar ga?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Mama, sayarwa? Shekara huɗu ke nan, ko sisi. Na ba ta, ta ce in na ƙara za ta daina zuwa."

"To mi ya sa taka ɓoyo kamar mai satar kaza?"

Sista ta rage murya. "Ita ta roƙe ni. Ta ce matan nan an ƙona musu gidaje, an kashe musu maza, wasunsu ko sunan Bafulatani ba su son ji. In suka san daga hannun wa take fitowa, wata za ta hana ɗanta sha. Ta ce gara yaro ya sha bai san ta ba."

Waɗanda suka kori matan nan su ne suka kore shanun Yalwa. Ba ta taɓa tsayawa a barandar ta faɗi haka ba.

Na ja mayafi na rufe fuska. Sista ta ɗauka jirin ne.

Ke Yalwa, ke ce kika tsame mafi kyawun abin da Wule take bayarwa, a shekarun da ke kanki kike kwana da kunun kanwa, kika kai inda ba za a gode miki ba. Ke ce kika ji ana kiran sadakarki ruwan algus, kalma ɗaya ta ishe ki wanke kanki, kika haɗiye ta saboda 'ya'yan wasu.

Da na yi hankali, da daga asibiti gidanta na nufa. Kunya ta hana. Ina ta jan ƙafa har Fatiha ta zo mini da labari ranar kasuwa: an ga Yalwa ta ja Wule da maraƙinta zuwa kara, wajen da ake cinikin shanu. Rani ya yi tsakiya, ba dusa, ba ciniki, ga gwiwa.

Na tarar da ita a gindin bishiyar bedi daga waje, don mata ba su cika shiga ba. Zayyanu dillali ne riƙe da igiya, mutum uku masu kiwo suna zagaya saniyar suna duba haƙori. Sai dabara ta zo mini, irin tawa. Na ce da bakin nan na ɓata, da shi zan gyara. Na kutsa cikin maza.

"Wagga za ku saye? Allah shi ba ku haƙuri. Harbi taka yi, mutum biyu ta karya. Maraƙi ukku ta zubar kahin wanga."

"Inna, mi ya kawo ki cikin shanu?" in ji Zayyanu. "Ki tahi gida, don Allah."

Masu kiwo suka dubi juna, suka sulale. Ina murna a raina na hana ciniki. Ashe akwai wani a gefe yana saurare, mahauci. Ya matso yana murmushi, ya ce shi harbi bai dame shi ba, ɓari ma bai dame shi ba, tun da dai ba mai so, ga abin da zai bayar. Ya faɗi kuɗin da ko tunkiyar kirki ba za su saya ba.

Ban ga tasowar Yalwa ba, sai ganin hannunta na yi bisa igiya.

"Malam Zayyanu, sakam mani. Na kawo ta ga wanda za shi kiwo. Ban kawo ma wuƙa saniyar Baffana ba."

Ta ja abarta. Na bi ta a baya kamar wadda aka kama da kayan sata. Sai da muka bar hayaniya ta tsaya, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Adda, kin sa ma nonona ruwa da baki. Yau kin sa ma saniyata harbi. Mi ya rage?"

"Kin san ni ce?"

"Tun ranar sunan. Wa ka da irin wagga magana in ba ke ba?"

"Kuma kika yi ta ba ni ɗanɗano?"

"To in hana ki, ki ce mi kuma?"

A nan bakin hanya na durƙusa, da tsufana, masu babura suna kallo.

Gida ashirin da shida na shiga a kwana uku, duk inda na san maganata ta kwana. A kowane na faɗi cewa ni Husaina na yi ƙarya. Wasu suka yi salati, wasu suka ce dama sun sani, su ma ƙarya suke. Fatiha ce ta kawo shawarar da ta fi tawa. Ta ce kowane gida ana surfe, kowane gida yana da dusa da ruwan tsari, awaki ne kawai ke sha. Iyayenmu ai da hatsi da dusa suke musayar nono, ba da takarda ba. Yanzu kowace safiya kwanoni suna fita daga unguwarmu zuwa fadama. Shekara talatin tana zuwa ƙofarmu, yanzu mu ke zuwa tata, da kwanon saye a hannu, kuma ba a tayi. Ban ce ta wadata ba. Farashi yana nan inda ya faɗi, na bokiti yana nan cike da kasuwa. Amma Wule tana turkenta, kuma gora ba ta fasa zuwa asibiti ko kwana ɗaya ba. Ni ke kai ta, tun da gwiwata ta fi ta Yalwa dama.

Da bakina a kan hanya, ba a daɗe ba matan baranda suka ji daga hannun wa madarar take fitowa. Sista ta ce wata ta ajiye kofi har madarar ta yi sanyi, sannan ta ɗauka ta ba ɗanta. Bayan kwana biyu matar ta tambayi hanyar fadama.

Mun gode, Yalwa. Allah ya saka miki, ya jiƙan Lirwanu, ya sa Wule ta cika miki turke. Ku kuma masu karatu, akwai irinta a bayan garinku, ko Anka ne ko Bukkuyum. In ta yi sallama, ku ɗiga a farce in kuna shakka. In ya tsaya, ku biya abin da ta ce, ku bar tayi. Mai dusa ya kai dusa.

Kafin in rubuta wannan sai da na je neman izini. Na same ta tana wanke ludayi. Na ce zan sa ta a takarda, duniya ta ji.

"Wa ya taɓa hana ki magana, Adda?" Ta cika ludayin ta miƙo mini. "Ki dai hwaɗe ta yadda take. Kar ki ƙara ruwa."